Ɓeran Baba Tica

Duk wanda ya zauna a Herwagana ya san Baba Tica bai taɓa sauri ba. Mai keke-napep zai yi ta danna masa hon a baya, shi kuwa sai ya juyo a hankali ya ce, "Ɗana, titin ba zai ƙare kafin ka iso ba."

Wannan mutumin ne aka ba ajinmu na yaƙi da jahilci. Na shiga ina da jikoki, maigidana kuma ya riga ya yanke hukunci: in na faɗi jarrabawa, in koma kan kaskon masata, karatu ya ƙare.

Jarrabawa ta matso, Baba ya maƙale a kan kalmar Turanci ɗaya, wai scurry. Na ce, "Baba, ka faɗa mana gudu ne mu wuce gaba mana!"

Ya ce, "Maman Ladi, ba kowane gudu ba. Gudun ƙaramin abu ne, taku gajere, da tsoro a ciki."

Washegari ya zo da kwando a rufe. Ya ajiye tsakiyar aji, ya ɗaga faifan. Ɓera! Wallahi ban san lokacin da na kai bakin ƙofa ba, 'yar ajinmu Yagana kuwa sai ga ta a kan benci. Baba ko gezau. Ya ce, "Yawwa. Ɓera ya yi scurry, Maman Ladi ta yi. Yagana kuwa tsalle ta yi kan benci, wannan wata kalma ce, sai mako mai zuwa."

Ina haki na ce, "To daga gidan uban wa kalmar ta fito?"

Ya ce, "Masu ita ma ba su tabbatar ba. An dai ce wutsiyar wata kalma ce, hurry-scurry, ta gutsure, kamar ta ƙadangare, ta ci gaba da motsi ita kaɗai."

Da sakamako ya fito, har gida na bi shi. Na ce, "Baba, ka kusa kashe mu a banza. Kalmarka ko leƙowa ba ta yi a takarda ba!"

"Kin ci?"

"Na ci."

"To ita ta yi asara."

Yau ni ke karanta wa maigidan takardar maganinsa, yana zaune yana saurare kamar ɗan aji ɗaya. Baba bai kai ga ganin wannan ba. Allah ya ba shi hutawa, ya saka masa da haƙurin da ya yi da bakina.