Kunnen da Ya Rage Mini

Shekarata ashirin aka kwashe mu daga Damagaram zuwa aikin soja na dole. Ba a tambayi kowa ra'ayinsa ba. Shekara biyu na yi a barikin arewa, a can kuma wata bindiga ta tashi dab da kaina a filin harbi, kunnena na hagu ya mutu. Da na dawo gida, Inna ta riƙa zagayowa ta damana in za ta yi mini magana, ba ta taɓa cewa komai a kai ba.

Na zo Amurka karatu a farkon shekarun tamanin. Ina zaune a Hyattsville, ɗaki ɗaya da maiɗakina, ina tuƙin tasi da rana, da yamma in tafi lakwal, wato makaranta. Bayan na samu takardar zama, wani abokin karatu ya ce in shiga sojan ko-ta-kwana, za su taimaka da makaranta. Asabar da Lahadi ɗaya a wata, sai mako biyu da bazara. Ban yi zaton za su ɗauke ni da kunne ɗaya ba, amma suka ɗauka.

Aka sa ni ɓangaren manyan bindigogi. Suna ba mu abin toshe kunne, ina sawa, duk da haka duk Lahadin da muka yi atisaye nakan dawo gida da wani siririn fito a kunnen dama. Da farko yana wucewa kafin Talata. Daga baya ya zauna. Fasinja ya faɗi inda za shi, in kai shi wani wuri. A aji na koma kujerar gaba ina kallon bakin malami, har na gaji na bar zuwa.

A shekara ta huɗu da shigata sojan, ƙanena ya aiko cewa Inna ba lafiya, za su kai ta gidan waya ran Juma'a mu yi magana. Na kira. Layin yana ta shuu, kunnena yana nasa fiton. Na san muryarta ce, na ji hawa da saukarta, amma kalma ko ɗaya ban kama ba. Ta daɗe tana magana. Ni dai ina ta cewa, "To, Inna. To."

Maiɗakina na tsaye kusa. Na miƙa mata kan wayar don ta ji mini, kafin ta kai kunne layin ya yanke.

Inna ta rasu cikin watan. Na tambayi ƙanena abin da ta ce, ya ce ai fitar da shi ta yi daga ɗakin wayar, ta ce maganar tsakaninta da ni ce.

Sojan sun sallame ni a shekarar, bayan likitansu ya gwada kunnen. Karatun ban koma ba. Tasin ma na ajiye, na samu aikin wanke motoci a wani gareji, inda ba mai bukatar in ji shi.