Yoyon da Na Hana Yaya Isuhu Ya Nema

Yau shekara bakwai ke nan cif. Ranar Talata ce, ƙarfe biyu da kwata na rana, bazara ta kai tsakiya. Mu uku ne a motata: ni a sitiyari, yayana Isuhu kwance a baya, kansa a cinyar matarsa Rabi. Mun baro ƙauyenmu na gefen Makoɗa za mu asibiti a Kano. Na riƙe lokacin daidai ne domin karanta labarai a rediyo ne aikina, idona ya saba da agogo. A wannan mintin esin motar ya daina sanyi.

Yaya Isuhu manomi ne da damina, mai gyaran esin mota da rani. A Kano ya koyi sana'ar, ya dawo gida da Baba ya rasu don kada gonar ta zama saura. 'Yan kasuwar Dawanau har gindin tsamiyar ƙofar gidanmu suke kawo masa motocinsu, suna mita, domin ba ya sauri. Kafin ya taɓa komai sai ya bi bututun da ido yana neman maiƙo. Ya ce gas ɗin tare da mai yake zagayawa, duk inda ya tsere sai ya bar tabo, ƙasa ta manne a kai. Daga nan ya kaɗa ruwan sabulu a kwano, ya ɗibi kumfa da soso, ya ɗora a kan kowace mahaɗa, ya tsuguna. Inda kumfar ta kumbura, nan yoyon yake. Wani yoyon sai an jira shi kamar ana jiran tsiro.

Wata huɗu kafin wannan Talatar na je gida, na ce masa, "Yaya, ɗura min gas kawai, ƙarfe huɗu nake shiga aiki."

Ya ɗaga bonet, ya leƙa, ya ce, "Hajiyar rediyo, gas ba fetur ba ne. Ba ya ƙarewa, guduwa yake yi. Bar min motar zuwa gobe."

"Ni ba ni da gobe, Yaya."

"To ni kuma ba na zuba ruwa a kwando."

Na ji haushi, na tafi. A Kano na sami wani a bakin titi, ya ɗura min cikin minti goma, ba tambaya. Da sanyin ya ragu na koma, ya sake raguwa na sake komawa. Ban faɗa wa Yaya ba.

Ranar tafiya asibitin, numfashinsa ne ke yi masa wuya, kuma motata ce kaɗai a kusa. Na ce a rufe gilasai, akwai esi. Ba mu yi nisa ba muka fara jin ƙas, ƙas daga gaba, injin sanyin yana kamawa yana saki. Sai iska mai ɗumi. Muka sauke gilasai, wadda ta shigo ta fi ta ciki zafi. Rabi ta jiƙa gyalenta da ruwan gora tana goga masa a goshi.

Idonsa a rufe ya ce, "Binta, sau nawa aka ɗura?"

Na ce, "Uku, Yaya."

Ya yi ƙoƙarin dariya, tari ya hana shi. Da ya lafa ya ce, "Ki ce a duba bakin da ake ɗurawar. Tun ranar na ga maiƙo a wurin. Ba ki tsaya ba."

Rabi ta ce, "Malam, ka bar zancen mota, ka yi salati."

"Ina yi. Amma ta ji dai."

Ita ce magana ta ƙarshe da ya yi min. Washegari da hantsi Allah Ya karɓi abinsa. Likita ya ce zuciya ce, kuma zafin hanya bai canza komai ba. Na yarda da shi, na yarda ajali ne. Abin da na kasa ajiyewa shi ne, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana sanyaya motocin mutane, tafiyarsa ta ƙarshe cikin gumi ya yi ta, a motar ƙanwarsa, saboda kwana ɗaya da na hana shi.

Yanzu masu gyara suna da 'yar na'ura mai shinshina gas, tana ƙara idan ta zo kan yoyo. Wasu kuma suna zuba wani ruwa mai launi a ciki, su haska fitila ta musamman, wurin ya bayyana. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da yana nan. Ina jin zai karɓi na'urar ya jujjuya ta, ya yaba, sannan ya aika a kawo masa sosonsa ya tabbatar. Abin da zai ɓata masa rai bai canza ba: har gobe ana ɗura gas a bakin titi ba a nemi inda na jiya ya bi ba, kuma masu motar ne ke cewa a yi sauri. Na san muryarsu, tawa ce.

Bai bar shago ba, bai bar allo mai sunansa ba. Tsamiyar tana nan, an ɗaure tumaki a gindinta. Kwanon sabulun kuwa, Rabi tana zuba wa kaji ruwa a ciki. Abin da ya rage nasa a wurina ɗabi'a ce guda: idan abu ya ragu a hannuna, ko lafiya ko zumunci, ba na gaggawar cikawa sai na nemi ta inda yake zuba. A makare na koya. Allah Ya jiƙansa, Ya sanyaya makwancinsa.

Bayan sadakar arba'in na kai motar wurin wani abokin sana'arsa a Kano, na faɗa masa abin da Yaya ya ce. Ya sa mata gas kaɗan, ya ɗora kumfa a bakin ɗurawar, muka tsuguna tare. Kumfar ta kumbura. Wani ɗan ƙarfe ne ya lalace a ciki, bai kai ƙwayar wake ba. Na duba agogo: minti huɗu ya ɗauka ya canza shi. Ya cika wa motar gas, ba a sake ɗura mata ba har na rabu da ita.