Kujerar Lukuman da Tsohuwar da Ba Ta Faɗuwa

Duk wanda ya san layin bayan tashar Zuru ya san shagon Lukuman, ko da bai taɓa riƙe fad, abin dannawa na wasan gem a talabijin, ba. Ɗan tsukukun wuri ne mai talabijin uku da benci biyu, sai kujerar wata tsohuwar mota da aka ciro aka dasa a gaban talabijin na tsakiya. Na'urorin gefe na masu buga ƙwallo ne, ba su dame shi ba. Ta tsakiyar tsohuwa ce tukuf, faifai ɗaya ake sa mata, wani gem na dambe da ya girmi rabin masu shigowa. A nan ran Lukuman yake.

Dokar wurin kowa ya san ta: wanda aka kayar ya koma ƙarshen benci, wanda ya yi kaye ya hau kujerar mota. Lukuman ya ƙara tasa tun lokacin da ba shi da janareta, wai sai ɗan wasanka ya faɗi ƙasa kowa ya gani sannan za ka tashi. In wuta ta ɗauke ko faifai ya maƙale, mai kujera yana nan daram. 'Yan kabu-kabun da ke hutawa a shagon sun sha tsokanarsa cewa wutar nan 'yar gidansu ce, ba ta ɗaukewa sai yana shan kashi. Tsakani da Allah dai ya iya. Kujerar har ta yi shatin zamansa.

A bariki ya koya, gidan su Prosper, abokinsa na firamare, ɗan wani saje. Prosper irin yaran nan ne da komai su ke fara samu: takalmin ƙwallo, keke, na'urar gem. In ya gaji da abu sai ya miƙa wa Lukuman da fara'a, kuma fara'ar ce ta fi ci wa Lukuman rai. Da wulaƙanci yake haɗawa, da an san yadda za a ƙi shi. Ita kanta na'urar tsakiyar ta Prosper ce, ya bar masa ranar da zai tafi aikin soja, maganar da Lukuman bai taɓa yi wa ko matarsa Bushira ba. A duk abin da ya mallaka, zaman kujerar nan ne kaɗai yake jin ba wanda ya ba shi.

Ana shirin bikin Uhola sai ga Prosper ya dawo gida, ya ajiye kaki, ya yi tumbi, fara'ar tana nan yadda take. Ya shigo shago ya rungume Lukuman, ya zaro wani faifai daga aljihu.

"Luku, ka tuna baƙin gurbin nan na ƙasa, wurin zaɓen 'yan wasa, wanda ba a iya shiga?"

"Ai ado ne kawai," in ji Lukuman. Abin da ya shekara ashirin yana gaya wa mutane ke nan.

"Ba ado ba ne, mutumina. Akwai mutum a ciki."

Ya yi wa shago bayani. Ashe masu ƙera gem ɗin sun fara yin wata 'yar wasa, tsohuwa mai sanda, lokaci ya ƙure musu suka cire ta, suka bar ragowarta binne a cikin faifai. Wasu masu tone-tone a intanet ne suka tono ta suka mayar gurbinta. Kishi ya kama Lukuman. Shi ya kwana ya tashi da gem ɗin nan, ya san numfashin kowane ɗan dambe, amma sai wanda ya yar da shi ya tafi ne zai dawo da abin da bai sani ba.

"Abin da masu shi sunka zubar, shi za ka kawo muna?" ya ce. "Ba a shagona ba."

Bai kai mako yana wannan taurin kai ba. 'Yan kabu-kabu suka koma barandar Prosper suna kallo a kwamfuta, su dawo suna labarin tsohuwa a gabansa, har da kwaikwayon yadda take ɗingishi. Bushira ta gaji da ganin tuwo na dawowa ba a taɓa ba, ta ce, "In tsohuwag ga ce ta hana ka ci, ka tai ka buge ta mu huta." Washegari ya aika a kira Prosper da faifansa.

Prosper ya zaɓi tsohuwar suka fara. Ba ta da kyan gani. Rabin zaninta ba launi, bakinta ba ya motsi, in ta yi duka ko sauti babu. Rashin sautin ne ya ci Lukuman, don shi da kunne yake kare duka. Kafin ya gane inda sandar ke fitowa, ɗan dambensa na ƙasa. Ya saurara ko wuta za ta ɗauke, ba ta ɗauke ba. Ya tashi ya koma ƙarshen benci, Prosper ya zauna cikin shatinsa yana cewa kujerar akwai daɗi.

Daga bencin Lukuman ya zuba ido. Ya ga ana ta kai wa tsohuwa mutane tana zubarwa, ya kuma lura kafaɗarta na ɗan nutsewa kafin kowace sanda. Da layi ya zo kansa ya karɓi fad. Ya kauce, ya kauce, ya shiga jikinta, ya yi ta kirɓa har layin ranta ya ƙare ƙaf.

Ba ta faɗi ba. Ta tsaya ƙiƙam da sandarta, ɗan dambensa ya daskare da hannu a sama, hoton ya maƙale. Prosper ya sosa ƙeya ya ce shi ma bai taɓa ganin haka ba, don ba a taɓa cin ta ba. Da alama an cire ta tun kafin a zana mata faɗuwa.

Wani ɗan kabu-kabu, Zakiyyu, wanda dokar maƙalewa ta sha mayarwa benci, ya gyara murya. "Oga Luku, mi doka tac ce? Mu dai ba mu ga ta hwaɗi ba."

Aka kwashe da dariya. Prosper bai yi ba. Ya miƙe tsaye, ya kakkaɓe kujerar da tafin hannu, da fara'ar nan tasa ta tun suna yara.

"Ka ci ni, Luku, kowa ya gani. Zo ka zauna, na ba ka."

Da bai ƙara kalmomin ƙarshen nan ba, wataƙila da Lukuman ya zauna. Ya dubi kujerar, ya ga takalmin ƙwallo, ya ga keke, ya ga na'ura.

"Doka doka ce," ya ce. "Zamna abinka."

Har yau in ka bi ta layin za ka same shi a ƙarshen benci cikin shagonsa, yana jiran layi. Yakan cinye ran tsohuwar kusan kullum, hoto ya maƙale, a kashe a kunna, Prosper ya ce masa ya zo ya zauna, shi kuma ya koma benci. Shatin da ke kujerar ya fara sauya kama.