Hantsakin Baba

Mu maƙeran fari ne, azurfa muke aiki a Mayahi tun kakanni. A gidanmu akwai wani tsohon hantsaki da ake ɗora ƙwayoyin azurfa da shi bisa zobe, ɗaya bayan ɗaya. Uba ba ya miƙa shi sai ga ɗan da ya yarda hannunsa ya nuna. Shekara ashirin ina zaune gefen Baba ina jiran hantsakin nan, har idona ya fara neman tabarau.

Ƙanena kuwa bai taɓa zuga wuta ba. Lakwal ya bi, wato boko, daga nan jami'a, daga nan ƙasar waje. Bara ya zo hutu, ya zauna bisa buzuna a maƙera, ya ciro waya yana nuna ma Baba aikinsa. Wai zaren halitta ne, wanda suke ce ma ADN, suke naɗewa kamar yadda mata ke naɗa kaba su yi faifai. Su bar gurabe a jikinsa, sai su zuba ƙwayoyin zinariya waɗanda ido ba ya gani, kowace ta je ta kama gurbinta. A hoton sun jeru sun yi da'ira, ko ɗaya ba ta kauce ba.

Wallahi abin ya yi kyau, kuma kyan nasa ne ya ci mani rai. Baba ya riƙe wayar nan ya daɗe yana kallo. Mutumin da bai taɓa duba zobena bai samo aibu ba, sai ga shi yana gyaɗa kai, wai ashe yaron nan sana'ar gida ya tafi da ita. Ni dai na duƙufa ina goge wani awarwaro da na riga na goge tun safe.

Ranar da ƙanen nawa zai koma, Baba ya kwance tsumma, ya ciro hantsakin ya sa mashi a hannu. Ban iya haɗiyewa ba. Na ce, Baba, shi fa da bakinsa ya ce ba ya taɓa ƙwayoyin nan nasa, da kansu suke jeruwa, to me zai yi da hantsaki?

Baba bai ko ɗago ba. Ya ce, "Kai kana nan kusa da ni. Shi me zai tuna masa da gida?"

Ƙanen nawa ya ji nauyi, ya biyo ni zaure zai ba ni. Na ƙi karɓa, don ba daga hannunsa nake son shi ba.

Kwanan baya ya turo hoto. Ya sa hantsakin cikin gilashi ya rataye a bangon ofis, ko tsatsa babu. Baba ya sa na nuna wa duk wanda ya shigo maƙera, na kuwa nuna masu. Da suka watse na ɗauki nawa hantsakin na kasuwar Tasawa, wanda bakinsa ba ya haɗuwa daidai, na ci gaba da jera ƙwayoyin zoben wata amarya.