Wuraren da Ya So Ya Kai Ni

Ɗana na fari a Ingila ya rasu. Likita ne a wani asibiti a arewacin ƙasar, kuma a wurin aiki ya yanke jiki ya faɗi, suka ce zuciya ce. Ina kara, kasuwar dabbobi, a Mashi, ina taya wani maƙwabcina zaɓen ragon suna, wayar ta same ni. Na saurara har mai maganar ya gama, na yi salati, na mayar da wayar aljihu. Maƙwabcin ya tambaye ni ko lafiya. Na ce mu gama da ragon tukuna. Sai da aka ɗaure shi a bayan babur sannan na gaya masa.

A can aka yi masa sutura. Mu a Daura muka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, jama'a suka yi ta zuwa ta'aziyya, ba gawa ba kabari. Ana ta cewa Malam ya yi tawakkali. Ni dai na san ba abin da nake ji. Yadda ƙafa take mutuwa in mutum ya daɗe zaune a kanta, haka duk jikina ya koma.

Biza ba ta fito ba sai bayan matarsa ta fita takaba. Mahaifiyarsa ta ce ita ba za ta ba. "Ka je ka gano mana," abin da ta ce ke nan. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ni ma haka. "Yaron nan" muke cewa, har ya kai shekarun da shi ma ake ce masa baba.

Wanda ya tarye ni a filin jirgi abokinsa ne tun na firamare. Ibo ne, Kirista, mahaifinsa ya daɗe yana sayar da kayan gyaran babur kusa da tashar Daura. A garinmu aka haife shi, na ma koyar da shi a aji, kuma Hausarsa irin tamu ce sak. Yanzu ma'aikacin jinya ne a birnin da ɗana ya zauna. Yana ganina ya durƙusa har ƙasa a tsakiyar Turawa ya gaishe ni.

A gidan ɗana na tarar da surukata da 'yarsu ɗaya, wadda ba ta daɗe da shiga makaranta ba. Na ce wa yarinyar ga mijinta ya iso, ina tuwona? Ta ɓuya a bayan uwarta. Wasan jika wajibi ne a kan kaka, na yi shi kamar yadda ake sauke farali.

Washegari suka kai ni kabarin. Maƙabarta ce babba a bayan gari, an ware wa Musulmi gefe guda. Ciyawa ta riga ta rufe shi, kore shar. Na tsuguna na yi addu'o'in da na sani, na shafa. Ina jiran wani abu ya taso mini daga ƙirji, bai taso ba. Abin da na lura da shi kawai, raɓa ta jiƙa mini takalmi, kuma can nesa wani mutum yana yankan ciyawa da inji.

A hanyar dawowa abokin ya ce, "Baba, ya sha gaya mini in kun zo zai zaga da ku Northumberland. Gunduma ce a nan arewa da mu, yana son ta ƙwarai. Na ɗauki hutu. In kun yarda ni zan kai ku."

Ban ce ina so ba, ban ce ba na so ba. Na ce Allah ya kai mu.

Haka muka riƙa fita da safe bayan an kai yarinya makaranta. Wata maƙwabciyarsu ce take ɗauko ta in an tashi. Shi yana tuƙi, ni ina gefensa, surukata tana baya, ba ta magana sai an tambaye ta. Ganin iskar ƙasar ta fi ƙarfin babbar rigata, ta ɗauko mini kwat ɗin mijinta mai kauri. Ta yi mini yawa a kafaɗa. Da na sa hannu a aljihu na ji ƙwallon dabino guda ɗaya, na bar shi inda yake.

Wurin da muka fara zuwa wata ganuwa ce ta dutse da Rumawa suka gina tun kafin zuwan Musulunci. Ta bi kan tuddai tana hawa tana sauka har inda ido ya ƙare. A wasu wuraren ta kai ƙirjina, a wasu ko gwiwa ba ta kai ba. Abokin yana ta bayani, wai don tare mutanen arewa aka yi ta, sojoji suna kwana a nan, ga wurin wankansu, ga rumbunsu. Ina cewa to. Na tuna ganuwar garinmu da ruwan sama da masu gini suka cinye, amma tunanin bai zauna ba, ya wuce.

Tumaki ne suka ɗan riƙe idona. Ko'ina su ne, farare, masu gashi kamar katifa, an shafa wa kowace fenti ja ko shuɗi a gadon baya. Na duba gabas da yamma ban ga makiyayi ba.

"Wa yake kiwonsu?" na tambaya.

"Ba kowa, Baba. Shingen dutsen nan ne yake tsare su. Mai su yakan leƙo da karensa."

"Har dare?"

"Har dare."

Na tsaya ina kallon wata tunkiya tana tuƙa, ita ma tana kallona. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba, sai da surukata ta ce a hankali, "Baba, sanyi zai kama ku."

Wata tsohuwar Baturiya da mijinta, kowanne da sandar tafiya, suka iso inda muke. Ta ce ko muna so ta ɗauke mu hoto mu uku. Muka jera a jikin ganuwar. Ta tambaya ko hutu muka zo, surukata ta ce e. Ta ce mun yi sa'ar rana. Na yi mata godiya da Turancina na tsohon malamin makaranta. Da azahar ta yi muka shimfiɗa darduma a gefen mota, waya ta nuna mana alƙibla, ta karkata kudu fiye da yadda na saba. Abokin ya tsaya ta inda iska take busowa har muka sallame.

Wata ranar kuma wani tsohon gidan sarauta muka je, an gina shi a kan dutse a bakin teku. Ɗakuna ne bayan ɗakuna, cike da takubba da sulke da farantai da hotunan mutanen da suka mutu tuntuni. Duk rubutun da aka manna a jikin kayan sai da na karanta shi, ɗaya bayan ɗaya, kamar ina duba jarrabawa. Yau ko kalma ɗaya ban riƙe ba.

Da muka sauko bakin ruwa abokin ya sayo mana kifi da soyayyen dankali a cikin takarda. Ban taɓa tsayawa kusa da teku haka ba, ko a Jidda daga mota na hango shi. Ruwan toka-toka ne, yana zuwa yana komawa. Ina ci ba na jin gishiri ba na jin mai. Sai wani farin tsuntsu ya kawo sura ya fizge kifin daga hannun abokin. Ya yi dariya, ya ce, "Wallahi haka aka yi masa a nan, daidai nan, ya bi tsuntsun da gudu yana cewa a Daura ko shaho bai isa ba." Dariyar ba ta ƙare ba ta juye kuka. Babban mutum, ya rufe fuska da hannu biyu kafaɗunsa suna rawa. Na ciro hankici na miƙa masa. Na ce, "Ka yi haƙuri, ɗana. Dukkanmu can za mu." Na ji muryata tana fita daidai, kamar ta mai karanta sanarwa a rediyo.

Tafiyar da ta fi daɗewa ita ce ta wani tsibiri. Hanyar mota ce take kai mutum can, amma in teku ya cika sai ya rufe ta ruf, sai an jira ya janye. Mun ƙetara lafiya, muka zaga kangon wani tsohon wurin ibadar Kirista, jan dutse, ba rufi, sai bakunan ƙofofi a tsaye. Abokin ya cire hularsa ya daɗe a ciki, mu muka jira shi a waje. Kafin mu dawo mota ruwa ya hau hanya. Ya buga wa maƙwabciyar waya ta riƙe yarinya, sannan ya ce bari ya taka ya nemo mana shayi. Ina jin da gangan ya bar mu.

Muna zaune a mota, ni a gaba ita a baya, muna fuskantar inda hanyar take a da. Ba abin da ake gani sai kawunan sanduna a cikin ruwa.

"Baba," ta ce, "akwai maganar da nake so in yi, in ba za ku ga rashin kunyata ba."

"Ina jin ki."

"An bugo mini daga gida, an ce kun zo ne ku tafi da yarinyar."

"Wa ya ce?"

"Haka dai aka ce mini."

"Ba wanda ya aiko ni ɗaukar kowa," na ce. "Ke me kike so?"

Ta ce iyayenta a Katsina suna so ta koma. Ita kuma tana da aikinta a nan, na haɗa magunguna, yarinya ta saba da makarantarta, kuma ba ta jin za ta iya tafiya ta bar mijinta shi kaɗai a ƙasar da ba mai ziyartarsa. Tana magana tana tsayawa, ina jin numfashinta a bayan kujerata.

Na ce, "Ɗiya wurin uwarta take. Ki zauna. Zan je Katsina da kaina in yi magana da mahaifinki. Ki dai riƙa kawo ta hutu ta ga kakarta, kada Hausa ta kuɓuce mata."

Ta yi kuka mai tsawo. Ban waiwaya ba, ba ya kyautuwa. Da ta lafa ta ce sun zo nan su uku bara, ranar ma ruwa ya tsare su. Wai ya ce zai kawo Baba ya ga ikon Allah, amma ya san abin da Baba zai ce, zai ce ai ruwa ne kawai.

"Ruwa ne kuwa," na ce.

Ta yi 'yar dariya ta hanci. Abokin ya dawo da shayi a kofunan takarda, muka sha. Can wajen la'asar kwalta ta fara bayyana, baƙa, da ciyawar teku a kwance a kanta, motoci suka jera muka bi su.

Na sauka a Kano, na hau motar Daura. Kwana da kwanaki ana zuwa yi mini barka da dawowa. Ina miƙa waya ana kallon hotuna, ana tambaya da gaske ne tumaki suna kwana a daji ba mai gadi. Ina cewa da gaske ne. Na je Katsina kamar yadda na yi alkawari, mahaifinta bai ji daɗi ba amma ya amince.

Mahaifiyar yaron ba ta karɓi wayar ba ko sau ɗaya. Sai wata rana da hantsi, gida ba kowa, tana zaune a tsakar gida tana tsince wake a faifai, ta yi magana ba tare da ta ɗago ba.

"Malam, ƙasar wurin wace iri ce?"

Na gane wurin da take nufi. Na ce, "Baƙa ce, mai danshi."

"Ba yashi?"

"Ba yashi."

Ta jinjina kai. Ta tsame wani ɗan tsakuwa daga cikin waken ta jefar, ta ce in zan fita in biya kasuwa in sayo mata kanwa. Na sa takalmina na fita.