Hular da Muka Cire daga Hammata a Basirka

Mun tashi daga Kano ana sallame sallar asuba, mu uku a motata: ni, da 'yata mai shekara goma sha shida, da kocin da yake koya mata wasan tanis. Raket ɗinta bai biyo mu ba. Yana kulle cikin sif ɗin mahaifiyarta, makullin kuma yana jakar ita Hajiyar, kuma duk wanda ya san Hajiya ya san jakar nan ba a buɗe ta da lallashi.

Ga abin da ya fitar da mu. Wata biyu ke nan gwiwar hannun yarinyar na dama tana ciwo, har ta kai buta ma da hagu take ɗauka. Likita ya duba ya ce babu karaya, jijiya ce ta gaji, kuma yadda take buga ƙwallo ne ya gajiyar da ita. Ta huta, in ji shi, amma in ta koma da irin bugun nan ciwo zai dawo. Hajiya ta ce to an gama, wasa ba zai nakasa mata 'ya ba. A wata mai kamawa kuwa za a tace 'yan wasan da za su wakilci jiha, abin da yarinyar ta shekara huɗu tana jira.

Ni dillalin riɗi ne da zoɓo, ban san tanis ba sai daga bakin fili. Amma na san abu ɗaya a sana'ata: in buhu ya zo mini da tsakuwa, ba na tsayawa faɗa da wanda ya sauke shi a kasuwar Dawanau. Bin buhun nake har gonar da aka kaɗe shi. Sai na tambayi koci wa ya koya masa wannan bugu. Ya ce malaminsa, shi kuma ya koya wurin wani tsohon zakara da ake ce wa Ɗan Magini, wanda ya yi tashe tun ana wasa da raket na katako. Kafin shi, kowa a wajenmu miƙe yake dukan ƙwallo kamar mai mari. Shi ya zo da dukan ƙasa zuwa sama, ƙwallo ta tafi tana juyi, ta haura raga da nisa sannan ta faɗo ta yi tsalle har kafaɗar mutum. Yau duk filin da ka shiga haka ake yi. Kuma sirrin, in ji koci, shi ne gwiwar hannu ta manne da haƙarƙari, wuyan hannu ya yi aikin. Don haka suke sa wa mai koyo hula a hammata. In ta faɗi, ka yi kuskure. Na ce Ɗan Maginin yana raye? Ya ce an ce yana wajen Gwaram. Na ce to gobe da asuba.

Hanyar Wudil ba ta ba mu wahala ba. Damina ta janye, dawa ta sunkuyar da kai, an yanke riɗi an jingina shi tsaye a gonaki yana jiran ya bushe. Idona ya ƙi barinsa. Tun daga mota na gane bana farin riɗi ya fi yawa kuma ƙwayar ta cika, na riƙe wannan a raina don wani zuwan. Koci yana gaba yana ta ba da labarin Ɗan Magini kamar wanda ya yi goyonsa, alhali ko hotonsa bai taɓa gani ba. Yarinyar tana baya, ta rungume hannunta har muka hango duwatsun Birnin Kudu.

Nan muka karya. Waina da miyar taushe a wurin wata dattijuwa kusa da tasha, mai zafi, da man shanu a kai, a farashin da in ka faɗa a Kano za a ce ƙarya kake. Mai shayin gefenta kuwa ya ga mota da lambar Kano ya ƙara mana kuɗin madara. Na biya ban yi magana ba, don ni ma da na ga baƙo haka zan gwada. Wani abokin cinikina da yake tara mini riɗi a Unguwar Ya ya same mu a wurin, don na kira shi tun daga hanya. Ya riga ya yi mana bincike: tsohon ya yi makarantar kwana a nan garin, a nan ya fara wasa, amma ya daɗe da komawa wani ƙauye bayan Basirka. Ya ce kar mu tambayi zakaran tanis, ba wanda zai gane. Mu tambayi gidan magina.

Daga Birnin Kudu zuwa Gwaram gonaki ne hagu da dama, da shanu suna tsallaka titi a natse kamar su suka yi shi. A Gwaram muka sha fura wurin matan Fulani, waɗanda Hausarsu ta fi tawa daɗi, kuma suka fi ni iya ciniki. A Basirka muka ajiye mota a inuwar wani shago, don hanyar ƙauyen ruwa ya cinye ta, sai babur. Yarinyar ta hau nata ita kaɗai, ni da koci muka matsu a ɗaya. Ina da jiki, ba na ɓoyewa. Mai babur ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Alhaji, kai da buhun gero kuɗinku ɗaya." Na ce buhun gero ba ya saukowa ya tura a yashi. Ya ce sai mun gani. Sau biyu na sauka na tura.

Mun isa rana ta ɗaga. Gidan ba ya ɓuya, don ana tsakar aiki: ruwan bana ya zubar da katangar gabas, ana tayar da ita. Babban ɗan gidan, magidanci mai furfura a gemu, yana zaune a saman katanga. A ƙasa wani tsoho dogo, siriri, ƙafa duk taɓo, yana cura ƙasa da hannu ɗaya yana ajiyewa a jere. Shi ne Ɗan Magini. Muka gaisa, aka shimfiɗa mana tabarma a gindin darbejiya, aka kawo ruwa. Na faɗi abin da ya kawo mu ban yi kwana-kwana ba. Ya kira yarinyar ya ce, "Jikata, nuna mini inda yake ci." Ta nuna. Ya ce a gwada masa bugun.

Koci ya miƙe da raket ɗinsa cikin murna. Ya cire hularsa ya cusa a hammata, ya matse, ya kaɗa wuyan hannu sau uku, hula ba ta motsa ba. Tsohon ya dube shi ya ce:

"Malam, hular me ta yi maka?"

"Baba, ai bugunka ne. Gwiwar hannu ba ta barin haƙarƙari."

"Wa ya ce?"

Koci ya faɗi sunan malaminsa. Tsohon ya gyaɗa kai, ya ce ya tuna shi, wani gajere mai yawan tambaya. Sai ya ɗaga hannun rigarsa ya nuna mana kafaɗar dama. Ƙashin ya yi tudu a inda bai kamata ba. Ya gwada ɗaga hannun, bai wuce ƙirjinsa ba.

Labarin gajere ne. Bayan ya bar gasa aka ɗauke shi koyarwa a birni. Wani hutu ya zo gida, babur ya kayar da shi, mai ɗori ya ɗaura kafaɗar ta kama a karkace. Ya koma bakin aiki bai gaya wa kowa ba. "Ina da mata da 'ya'ya huɗu," in ji shi. "In na ce hannu ya mutu, wa zai bar ni a fili? Sai na riƙa lallaɓawa da wuyan hannu, yara suna kallo suna kwaikwayo. Na ga suna yi, na yi shiru. Wannan laifina ne, ba na malaminka ba." Ya dubi hular da ke hannun koci. "Amma hula kam ban san da ita ba. Wannan ƙarinku ne."

Na dubi koci. Shekara goma sha biyu yana koyar da ciwon kafaɗar wani. Fuskarsa ta nuna, kuma ban ga laifinsa ba. Ya ce a hankali, "To Baba, na gaskiyar fa?"

Tsohon ya nuna curin ƙasar da ya jera. Ya ce koci ya cilla wa ɗansa guda a saman katanga. Koci ya tuɓe takalmi, ya ɗauka, ya wurga da ƙarfin hannu. Curin ya daki tsakiyar katanga ya tarwatse. Na biyu ya tashi sama ya dawo masa a kafaɗa. Na saman katanga ya ce, "Malam, ni ake ba, ba kai ba." Har yarinyar sai da ta yi dariya, karo na farko tun Kano.

Sannan tsohon ya ɗauki guda da hagu. Ya ɗan durƙusa, ya juya ƙugu baya, ya miƙe gaba ɗaya, hannun ya bi jikin daga gwiwar ƙafa har saman kai. Curin ya tafi yana juyi a hankali ya sauka a tafin ɗansa kamar an miƙa masa. Mutumin da ya haura saba'in, ko nishi bai yi ba.

Ya ce ubansa magini ne, shi kuma tun yana ƙarami aikinsa ke nan daga safe har la'asar. Wanda ya cilla da hannu ba ya kai azahar. Ƙasa ce take ba ka ƙarfi, ta bi ƙafa, ta bi ƙugu, hannu rakiya kawai yake yi. Da aka ba shi raket a makaranta bai san wani dukan ba sai wannan. Aka yi ta yi masa dariya ana cewa yana yaɓe, har ranar da ya fara cinye masu dariyar ɗaya bayan ɗaya. Daga nan kowa ya koma yaɓe.

Yarinyar ta ciro waya ta nuna masa manyan 'yan wasan duniya na yanzu. Ya riƙe wayar nesa da ido ya kalla sau biyu. Ya ce ta daina kallon hannunsu, ta kalli gwiwar ƙafa. Muka kalla tare, sai ga shi: kowanne yana durƙusawa, yana juya ƙugu, gwiwar hannu a sake nesa da jiki, raket ya ƙare a bayan kafaɗa. "Duk 'ya'yan magina ne," in ji shi. Ba zan ce muku Turawa Basirka suka zo suka koya ba, ni ba na sayar da kayan da ban auna ba. Shi ma ya ce a zamaninsa ya ji labarin wasu zakarun ƙetare da suke irin wannan dukan, kuma da raket ya daina nauyi sai kowa ya bi. Amma a filayenmu na nan, ta hannunsa abin ya shigo.

Ya ba yarinyar ƙaramin curi ya ce ta riƙe da hannu biyu, kar ta yi ƙarfi. Na farko ya gaza. Na huɗu ya isa. Ta yi goma a jere, hijabinta duk ƙasa, sai ya tsayar da ita ya tambaya ko ya ci. Ta taɓa gwiwar hannun ta ce cinyoyinta ne suke zafi. Ya ce to nan ya kamata. Ya kafa mata sharaɗi: ta cika hutun da likita ya ce, ba raket, amma kullum ta cura ƙasa ta cilla a kan katangar gida. Muka yi azahar tare, aka kawo tuwon dawa da miyar kuka da wake. Na kawo abin da na riƙo masa, ya karɓi goro da turare ya mayar da ambulan ɗin kuɗin. Na bar shi wurin ɗansa na ce na katanga ne.

A hanyar dawowa muka biyo ta Gwaram. Can koci ya ce yara goma sha tara ne a hannunsa, kuma zai tara su ya gaya musu da bakinsa. Na ce wannan shi ne ciniki mai kyau. Mun shiga Kano ana kiran magariba. Hajiya ta ga taɓo a kayan 'yarta ta ce, "Tanis kuka je ko gini?" Na ce duka biyun.

Yau kwana goma sha takwas da dawowarmu. Katangar bayan gidana ta yi dabbare-dabbare, maƙwabcina ya yi ƙorafi sau ɗaya. Shekaranjiya muka koma wurin likita, Hajiya da kanta ta raka mu. Ya matsa gwiwar, yarinyar ba ta motsa ba. Ta gwada masa sabon dukan da hannu wofi, ya ce ta fara da rabin awa a rana. Da muka isa gida Hajiya ta buɗe jaka, ta ajiye makullin sif a kan tebur, ta wuce kicin.

Abin da na ƙaru da shi bai wuce abin da nake yi a kasuwa ba, sai dai ban taɓa zaton ya shafi ilimi ba. Abin da ya bi hannu uku kafin ya iso gare ka, tashi ka je inda ya fito tun mai shi yana da rai, don masu kawowa da zuciya ɗaya suke haɗo maka da tsakuwar. Jiya na kai ta fili. Na tarar da yara goma sha tara a jere suna durƙusawa suna miƙewa, ba kowa da komai a hammata. Koci yana tsakiyarsu, hularsa a kansa.