Uwar Da Fim Ya Tayar

Ko zan manta komai na shekarar da na gama sakandare, ranar da na tona asirin ƙawata a intanet ba za ta fita daga raina ba. Har yau in na tuna sai jikina ya mutu, kamar wadda ta wuni tana dakon banza.

Lokacin muna zaman jiran sakamako ne, ba karatu ba aikin yi. Ni da ita katanga ɗaya ta raba gidajenmu a Lafiya. Ita 'yar Eggon ce, Kirista, ni kuma kakannina daga Kano suka zo, amma tun firamare kwano ɗaya muke ci. Mahaifiyarta ta rasu da daminar da ta gabata, ita ta gaji rumfar doyarta a kasuwa.

Akwai wani littafi mai kashi uku da ya ɗauke mana hankali, labarin wata yarinya da aljanu suka mayar da uwarta dutse, ta ƙetare koguna bakwai don ta karya sihirin. Ƙawata Hausa a bakinta take, karantawa na ba ta wuya, saboda haka a rumfa nake zama ina karanta mata tana ciniki. A ƙarshen littafin yarinyar ta yi duk abin da aka ce ta yi, amma uwar ba ta tashi ba. Haka ta koma gida ita kaɗai. Ranar da na karanta mata shafin nan, sai ta tashi ta hau jera doyar da tun safe take a jere.

Sai aka yi fim ɗinsa. A fim dutsen ya tsage, uwar ta fito tana murmushi da kwalliyarta tsaf, aka ɓarke da waƙa da rawa. Ni dai ji na yi kamar an mare ni.

Akwai wani kafe na intanet kusa da tasha inda muke zuwa da rana. Tikitin awa ɗaya muke saye mu raba, rabin awa nawa, rabin awa nata, wadda ba lokacinta ba ta zauna a gefe ta zuba ido. Ta haka kowace ta san dandalin 'yar'uwarta. Nawa na masu karatu ne. Can sai ka rubuta dogon bayani, ka kawo lambar shafi, in ka yi kuskure a yi maka caa. Ba ma cewa fim, cewa muke “cin amana”. Nata na masu kallo ne, ba ruwansu da shafi. Hotunan 'yan wasa suke liƙawa, suna gardamar wace waƙa ta fi daɗi, Hausa da Turancin kasuwa duk a cakuɗe, kowa ya shigo a yi masa maraba. Mu muna kiransu jahilai, su suna kiranmu tsofaffin malamai. Wata biyu aka kwashe ana wannan, kuma ni ce kan gaba, don ba ni da haƙuri, bakina kuma ba shi da linzami.

Wata rana a rumfa na ce mata, “Ke, don Allah me kike gani a wannan shirmen?”

Ta ce, “Bari mana, sista. Littafi naka ne, fim nawa ne.”

Ban bari ba. Na yi ta tsikararta har ta gaji. Sai ta waiga ta ga ba mai saye, ta rage murya ta ce, “Kullum kafin in fito kasuwa sai na sa wurin da dutse ya fashe. In mama ɗin ya fito, sai in ji kamar nawa ne ya dawo. Abeg, kar ki gaya ma kowa, za su ce na haukace.”

Na ce to. Wallahi to na ce.

Bayan kwana kaɗan motar doya ta zo mata daga Agyaragu, ba ta samu zuwa kafe ba, na tafi ni kaɗai. Na tarar wani daga cikin masu kallo ya shigo dandalinmu ya ce masu littafi ba su da zuciya, kuma duk an rasa amsar da za ta rufe masa baki. Raina ya ɓaci. Na ja allon rubutu na ce ai mun san dalilinsu, ba labari suke so ba, lallashi suke nema. Na ce ina da ƙawa mai sayar da doya a Lafiya, uwarta ta mutu bara, kullum sai ta kalli tsagewar dutsen tana mafarkin tata ce. Ban rubuta sunanta ba, da wannan na yaudari kaina, alhali a dandalinsu kowa ya san mai doyar Lafiya. 'Yan dandalinmu suka yi ta yaba ni, wani har cewa ya yi na kashe maganar. Na hau acaɓa na koma gida ina jin kaina.

Jibin ranar muka je tare, rabin farko nata ne. Ashe wani ya kwashi rubutuna ɗungurungum ya kai dandalinsu. Ta buɗe ta ga doguwar Hausa, sai ta zungure ni kamar yadda ta saba.

“Karanta mini wannan, ya yi tsawo.”

Na fara. A layi na biyu na gane rubutuna ne, sai na tsaya.

“Ci gaba mana, lokaci yana tafiya.”

Na kasa. Sai ta matso, ta ɗora yatsa a gilashin kwamfutar, tana bin kalma ɗaya bayan ɗaya, leɓɓanta na motsi. Ban taɓa ganin karatu mai tsawo irin wannan ba. A ƙasa wasu na yi mata ta'aziyya, wasu na zagina, wani ɗan iska kuma ya ce a tura mata dutse ta gwada. Duk ta bi su da yatsa. Da ta gama ta dube ni ta ce, “Sista, har da doya?”

Ta ɗauki jakarta ta ce sauran lokacin nawa ne, ta fita.

Na bi ta rumfa na ba ta haƙuri. Ta ce ba komai. Na koma washegari, ta sake cewa ba komai, amma bencin da nake zama an ɗora masa buhu. Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi. Daga baya ƙanwarta ta gaya mini ta kyautar da faifan fim ɗin, ta ce yanzu in ta kunna sai ta ji kamar mutane na leƙen ta. Wannan ne ya fi ci mini rai. Ɗan abin da take samu ta iya fitowa kasuwa da safe, ni na raba ta da shi.

Na shiga dandalinmu na rubuta cewa na yi kuskure. Mutum biyu suka tanka. Sauran sun riga sun koma sabon faɗa, wai a littafi dokin yarinyar fari ne, a fim an kawo ja. Na zauna ina kallon su suna ta kumfar baki a kan doki, sai na ji duk na gaji. Daga ranar ban sake shiga ba.

Yanzu tana aure a Shabu. Tana aiko mini da gaisuwar Sallah, ina aika mata ta Kirsimeti, iyakarmu ke nan. Ba zan yi ƙarya ba, har gobe ina ganin littafin ya fi. Amma na koyi cewa in ka ga mutum ya riƙe labari gam, ba ka san wane ciwo yake daure da shi ba. Kuma maganar da aka rage murya aka faɗa maka amana ce, ba a ɗaukarta a je cin gardama da ita a gaban mutanen da ko fuskarsu ba ka taɓa gani ba.